Tsoho Ya Kwanta

Litinin

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau, gaisuwar ƙanwa mai kewar yayanta. Ina fata teku bai hana ka cin abinci ba, kuma ƙarar injin jirgin ruwan naku ba ta ƙarasa toshe maka kunne ba. Mu nan lafiya ƙalau. Bayana ne kawai ke ɗan ciwo saboda zaman keke, ɗinki ya yi yawa, ban kuwa yi ƙorafi ba. Baba yana gaishe ka, wato dai cewa ya yi, “Ki faɗa wa karen motata ya daɗe bai zo aiki ba.”

Jiya likitar motsa gaɓɓai ta zo duba shi. Ta ga hannun daman nan da ya shanye shekara uku da suka wuce yana riƙe kofin shayi ba ya zubarwa, sai ta tambaye ni wane magani muka samo a bayan idonta. Na ce mata wasan kwamfuta. Ta ɗauka zolaya nake, na ja ta falo ta gani da idonta. Mutumin da ya shekara talatin yana tuƙa babbar mota, wanda ya wurga ƙwallon robar da ta ba shi ya riƙa matsawa ta taga, ga shi zaune gaban talabijin da sitiyarin roba, yana shan kwana da shuɗiyar tirela yana faɗa da masu ƙananan motoci. Ta tsaya baki buɗe har ya sauke kaya, sannan ta ce kada mu kuskura mu bari ya daina.

Akwatin kwamfutar da ka haɗa mana kafin ka tafi, wanda ka zuba wa wasanni ka ce shi ne laburarenmu na gida, yana nan inda ka bar shi, ƙarƙashin teburin yankana, wayarsa ta bi ƙasan ƙofa zuwa falo. Baba ya raɗa masa suna Tsoho. Ya ce sai ya yi tari kafin ya tashi, sai an lallaɓa shi, kuma ba ya son gaggawa, saboda haka su biyu ne dattawan gidan. Na san kai Baba kake kira da wannan sunan a bayan idonsa, to yanzu ya samu takwara. Ni ma na girmama shi, na ɗinka masa riga mai kauri da ragowar yadi don kada ƙura ta dame shi. Ta zauna masa cif.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Alhamis wata sanarwa ta fito a allo daga masu manhajar da ke jera mana wasannin. Na ɗauki hotonta na haɗo maka. Abin da na fahimta shi ne sun raba abin gida uku. Akwai na kyauta, amma a cikin gida kawai yake aiki. Akwai na biyan wata-wata, shi ne zai bar ka ka riƙa shigowa daga waya idan kun tsaya a tasha, ka zauna gefen Baba a mota kamar yadda kuka saba. Sai na uku, a biya sau ɗaya, wai na tsawon rai. A ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe sun ce daga ƙarshen wata sun daina kula da tsofaffin akwatuna irin namu. Wannan layin ne ya tsaya min a rai.

Na karanta wa Baba. Da na zo kan na ukun sai ya ce, “Tsawon ran wa?” Na ce ban sani ba. Ya ce, “Ku biya wata-wata. Mutum irina ba a saya masa abu na tsawon rai, asara ce.” Yana dariya ya faɗa, amma ni ban yi dariya ba. Na koma shago na hau keke, sai da na yi nisa na lura babu zare a allura.

Ka duba hoton ka faɗa min abin yi, ka san ni da kwamfuta sai dai gaisuwa daga nesa.

Taka,
Auta

*

Talata, bayan mako biyu

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, ina fata kana lafiya. Shiru ban ji daga gare ka ba.

Tsoho ya kwanta tun ranar Asabar. Da safe ya yi tarin nan nasa, ya fi na kullum ƙarfi, na taɓa shi na ji zafi rau, can sai ya yi shiru. Mun yi mun yi ya tashi, ya ƙi. Na kira mutumin bakin layi, ya zo ya tsaya a kansa, ya girgiza kai ya ce shekaru ne, mu haƙura kawai. Abin da ya fi ba ni haushi, wa’adin da suka ɗibar masa ma bai cika ba.

Gidan ya yi tsit. Kai ka fi kowa sanin halinsa, don Allah ka faɗa min abin da zan yi tun kafin a ce babu sauran dabara.

Auta

*

Laraba, tsakiyar teku

Auta,

Innalillahi wa inna ilaihi raji’un. Ni lafiyata ƙalau, kada ki sa damuwata a kan wadda kike ciki.

Saƙonki na jiya ya iso ina tsakiyar aiki, na karanta a tsaye hannuna duk baƙin mai, sai da na nemi wuri na zauna. Mai Rediyo, wato mai kula da saƙonnin jirginmu, ya ce akwai wani saƙon naki na baya mai nauyi da ya maƙale, irin masu hoto ba sa saukowa sai mun isa tasha. Ina jin takardar asibiti ce kika turo, ni kuwa ina nan mako biyu ina ci ina sha ban sani ba.

Wane wa’adi suka ɗibar masa? Tun yaushe? Me ya sa aka ɓoye min? Sannan Auta, mutumin bakin layi? Mai kemis ne zai tsaya a kan mahaifinmu ya girgiza kai ya ce shekaru ne? Shi da ko allura sai ya rufe ido yake yi? Ki nemi mota yau ɗin nan ki kai shi asibiti, ko me za su ce a kawo ki ce to. Zafin jiki da tari ba abin zama a gida ba ne ga mai irin lalurarsa.

Na je wurin kyaftin. Ranar Asabar za mu shiga tasha, na ce ya sallame ni a can in nemi jirgin sama. Ya yi min magana ta hankali, ya ce wanda ya sauka aikinsa bai ƙare ba kamfani ba ya sake ɗaukarsa. Na ce na ji na gani. Aiki ana samun wani.

Abu ɗaya ke cin raina. Zuwanmu tasha na ƙarshe na shiga wasan, muna tafe da shi a tirela, yana ba ni labarin wata gada da ya taɓa tsallakawa da buhunan siminti ruwa na dukan tayoyi. Abokan aiki suka kira ni mu fita gari, na ce masa, “Baba sai anjima,” na kashe waya labarin bai ƙare ba. Tun jiya nake jin kunyar kaina. Idan yana ji, ki sunkuya ki faɗa masa a kunne cewa karen motarsa yana hanya, ya jira ni.

Ki ba ni amsa gajeruwa, babu hoto, don ta iso.

Yayanki

*

Alhamis

Yaya,

KADA KA SAUKA. Baba lafiyarsa ƙalau, yanzun nan ya gama faɗa da ni a kan sukari ya yi kaɗan a shayi. Tsoho akwatin kwamfuta ne! Baba ne ya sa masa sunan, duk na rubuta maka a saƙon da ya maƙale. Mutumin bakin layi kuma mai gyaran waya nake nufi, ba maƙwabcinsa mai kemis ba. Wa’adin na masu manhaja ne.

Wallahi da na karanta saƙonka dariya na fara yi, har mai kawo ɗinki ta tambaye ni ko lafiya. Da na sake karanta nawa da idonka kuma sai na ga abin da na aika wa mutum yana tsakiyar ruwa. Ka yafe min. Na yi kuka kuma, na dariya da na gaske suka haɗu.

Amma tunda na tsorata ka a banza, bari in faɗa maka wanda ba na banza ba. Baba ba ya ciwo, sai dai ba daidai yake ba. Kwana shida ke nan babu tuƙi. Da safe yakan sa hularsa ya zo ya zauna gaban talabijin yadda ya saba, ya kalli baƙin allo, sai ya juya kujerar ta kalli ƙofa. Hira ta ragu. Yatsun nan sun fara komawa ciki, jiya shayi ya zube masa a riga ya ce in bar shi kada in goge. Na miƙa masa sitiyarin ko zai riƙa juyawa haka nan, ya ce shi ba yaro ba ne da zai yi tuƙi da baki. Tsoro nake ji, Yaya, kada aikin shekara uku ya warware a wata ɗaya.

Na karanta masa saƙonka duka, har maganar gadar. Can ya ce, “Ashe da gaske zai ajiye aikinsa saboda ni?” Na ce ga shi kuwa ka ji. Ya ce, “Sakarai.” Sai ya juya fuska wajen bango, ni kuma na yi kamar ina neman almakashi.

Ni dai zargina masu manhajar nan ne suka kashe akwatin daga can, don mu sayi sabo. Idan haka ne, shuɗiyar tirelar da duk tafiyar da ya yi ta tafi ke nan?

Auta

*

Asabar, daga tasha

Auta,

Na gaishe ki, na gaishe da Baba, na kuma gaishe da majinyaci na ƙarƙashin tebur, Allah ya ba shi lafiya. Ni ma sai yau na ji daɗin abinci.

Saƙonki ya same ni jakata a ɗaure. Mai Rediyo ne ya sauko ɗakin inji da gudu, mutumin da bai taɓa taka matakalar nan ba saboda zafi, yana ɗaga takarda yana haki. Na karanta layin farko na zauna a kan durom. Kafin azahar labari ya zagaye jirgi. Kuku, wanda kwana uku yana ƙara min nama saboda tausayi, ya ce in dawo masa da abinsa. Kyaftin ya yaga takardar sallamar a gabana, ya ce a gaishe da akwati. Yanzu sunana Ɗan Akwati, kuma na san har in bar aikin nan ba zai goge ba. Ke kika ja min.

Yau saƙonki na farko ya sauko da hotonsa, mun zauna da Mai Rediyo mun karanta shi layi-layi. Ki kwantar da hankalinki, babu wanda ya kashe mana akwati daga nesa. Dalilin da ya sa tun farko na haɗa shi a gida ke nan, ban bar wasannin a hannun wasu ba. Komai namu yana cikinsa: wasannin, tirelar, kowace hanya da Baba ya bi. Masu manhaja kantar jera kaya kawai suka ƙera mana, kayan namu ne. Da suka ce sun daina kula da tsofaffin akwatuna, nufinsu ba za su sake aiko da gyara ga tsarin da ke cikin namu ba, ba wai za su zo su kwashe kaya ba.

To me ya kwantar da shi? Akwai layi ɗaya a wasiƙarki da na karanta sau uku. Auta, riga kika ɗinka masa? Mai kauri? Ta zauna cif? Ramukan nan na gefensa da bayansa ta nan yake shan iska. Tari, zafi, sannan shiru: ko injin jirgi haka yake yi idan iska ta ƙi shiga, yakan kashe kansa don kada ya ƙone. Ba na ce miki komai ba, niyyarki mai kyau ce, amma kin naɗe dattijo da bargo a tsakar rana.

Ga abin yi. Ki zare wayar wuta tukuna. Ki tuɓe masa rigar. Akwai ƙusoshi huɗu a baya, ƙaramin sukudireban kekenki zai kwance su. Ki zame murfin, za ki ga fanka kamar tafin hannu. Ki share ta da busasshen burushi. Banda ruwa, banda man keke, na san hannunki. Wadda take kwance keke ta mayar ba ta rasa ko ƙusa ɗaya ba, wannan ba zai gagare ta ba.

Idan ya tashi, kafin komai ki kwafe foldar da na rubuta wa “Baba” a filashi biyu, ɗaya ki sa a akwatin zarenki. Sannan ki kai shi wurin mai gyaran waya ya sa masa ɗaya tsarin, mara nauyi, wanda sunansa ke ƙasan sanarwar. Kyauta ne, kuma masu manhajar suna nan suna kula da shi. Wannan karon ki ce ya buɗe ido ya yi aiki, ba girgiza kai ba.

Maganar biya kuwa, Baba zai yi tuƙinsa a na kyauta babu abin da zai ragu. Ni ne ba zan iya shiga motar daga nan ba sai an biya. Na kuma nemo amsar tambayarsa a ƙananan baƙaƙen: tsawon ran manhajar suke nufi, ba na mai saye ba. Muddin suna yin ta, namu na aiki. Amma abin da ya faɗa miki ya dame ni. Kada ki yi masa musu, kada ki lallashe shi. Ki faɗa masa amsar kawai, ki ce ni zan biya duk wanda ya zaɓa.

Muna nan har Laraba muna lodi, saƙo mai hoto ma zai iso.

Ɗan Akwati

*

Talata

Yaya Ɗan Akwati,

Gaisuwa mai yawa daga gida mai hayaniya. Kowa lafiya, har da wanda ka sani.

Ranar Lahadi da safe na rufe shago na ɗora Tsoho a kan teburin yanka. Rigar sai da na farke ta, don ɗinkina ba ya tuɓuwa da sauƙi, ka san wannan. Ina cikin kokawa da ƙusa ta uku sai na ji sandar Baba a bakin ƙofa. Ya tsaya yana kallona, can ya kasa haƙuri ya ce, “Ke, ba haka ake yi ba, kan ƙusar za ki cinye. Danna tukuna, sannan ki murɗa.” Na ce to ya zo ya nuna min. Ya zo. Da hannun hagu ya dafe akwatin, ya sa sukudireba a na dama, ya danna da kafaɗa. Sau biyu yana kuɓuce masa, na cije leɓe ban taimaka ba. A na uku ƙusar ta juya.

Da muka zame murfin, Yaya, kunya ta kama ni. Ba rigar kaɗai ba ce. Fankar ko ganinta ba a yi, ta dunƙule cikin zare da ɓurɓushin yadi na shekara uku, kala-kala. Har ina gane su: ga koren kayan makarantar da na yi bara, ga jan labulen matar mai burodi. Abin da na zaro ya cika tafi biyu. Baba ya ɗaga shi sama ya ce, “Ashe ɗinki aka koya masa a ɓoye.” Mutanen da na kwana goma ina tsine wa kuma, Allah ya yafe min, babu ruwansu.

Muka mayar, na jona wuta, na danna. Ko tari bai yi ba. Na kwafe foldar a filashi biyu kamar yadda ka ce. Jiya ya wuni wurin mai gyaran waya, wanda yanzu yake cewa dama shi ya san fanka ce. Na bar shi da Allah. Na sa kafinta ya kafa masa katako a bango, sama da tebur, inda iska ke wucewa. Tsirara yake zaune, kuma haka zai ci gaba da zama.

Yau da hantsi Baba ya sa hula ya zauna. Allo ya kawo, ga shuɗiyar tirela a gefen hanya inda ya bar ta, da kayanta a baya. Bai taɓa sitiyari nan da nan ba. Sai da ya duba madubin hagu, ya duba na dama, ya yi bisimilla, sannan ya ja. Hannun ya ɗan yi tauri, kwanar farko ya hau gefen titi ya ce laifin mai kafa fitila ne. Kafin ya sauke kayan yatsun sun fara sakewa. Ina shago ina jiyo shi yana faɗa da wata ƙaramar mota, ban taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba.

Bayan ya gama na faɗa masa amsarka, cewa tsawon ran manhajar ne ba na mai saye ba, kuma zaɓi nasa ne. Ya ce in kawo masa takarda da biro. Na ce ya faɗa in rubuta, ya harare ni. Ka tuna rabonsa da riƙe biro tun kafin ciwon, ko takardar asibiti yatsa yake dangwalawa. Ya fi rabin awa a kan layi huɗu, ya hana ni tsayawa a kansa. Baƙaƙen sun karkace, wasu sun hau kan wasu, amma ana karantawa. Na haɗo maka hoton, na kuma kwafe maka a nan ko da zai maƙale, don na daina yarda da teku.

Taka,
Auta

Ga abin da ya rubuta:

Karen mota,
Tsofaffi biyu duk sun tashi. Ka zauna a aikinka.
Ka sayi na tsawon ran, mu gani tsakanina da su wa zai riga gajiya.
Ka shigo kafin ku tashi, ban gama maka labarin gadar ba.